Illelar da Inna Take Nufi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A bakin famfo tambaya, a wurin niƙa tambaya, har a gidan suna sai da aka ja ni gefe: Balki, yaya Kaduna, mi lokotoro ya ce, kuma ina kika baro Inna? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowace ta ɗauki nata ta tafi tana ƙara masa gishiri. To ga shi gaba ɗaya, wadda ta ji ta faɗa wa wadda ba ta nan.

Kun dai san Inna Fatsuma, uwata, mai fura a bakin tashar Konni. Abin ya fara mata ne da ƙanana. Ta sa gishiri a miya ta sake sawa, ta idar da salla ta sake tayarwa. Daga nan sai ta fita gidan maƙwabta ta kasa gane hanyar dawowa. Wasu suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska ce. An sha rubutu, an yi turare, mun kai ta asibiti wajen Malbaza aka ba mu ƙwayoyin ƙarin jini. Sunaye suka dinga zube mata ɗaya bayan ɗaya, har ya zama abu guda ya rage mini. Da safe in na shiga ɗakinta takan ɗago kai ta ce, "Balki, kin tashi?" Kafin azahar na koma "yarinyar nan". Wannan kiran na safe shi nake tsoron rasawa, kuma saboda shi na yi wannan tafiya.

Akwai kuma wata magana da ta riƙe ba ta saki: "Ku kai ni Illela." Mu 'yan Konni in an ce Illela mi za mu ji in ba wadda ke tsallaken iyaka ba, inda muke cin kasuwa, inda dangin mahaifinmu suke? Mun kai ta ba sau ɗaya ba. Tana tsaye a tsakiyar kasuwar Illela, mutane suna bangaje ta, za ta ja hannun rigata ta ce, "Ku kai ni Illela." Yayana Sani, direban babbar mota, ya ce ai wannan kaɗai ya isa shaida cewa kan ya tafi.

Shi Yaya Sani ne ya jiyo labarin wani lokotoro, likitan ƙwaƙwalwa, a Kaduna. Maigidana Idi, wanda ke noman albasa a filayen baraji, madatsar ruwan nan tamu, ya ce kada a ɗaga tsohuwa daga ɗakin da ta sani. Na ce masa da uwarsa ce da tuni ya sayar da gonar ya kai ta har Makka. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Kun san bakina.

Ranar tafiya ina ɗaura mata kallabi ta ce, "Balki, kin matse mini kai." Na sassauta, muka fito.

A iyaka ta ɓangarenmu ba a wahalar da mu ba, don jandarman da ke wurin ya sha furar Inna tun yana ɗan lakwal, makarantar boko. A ɓangaren Najeriya ne wani mai kaki ya tare mu yana juya kardantite ɗinta, katin shaidarta na ɗan ƙasa, sama da ƙasa, yana haɗa Hausa da Turanci. Inna ta dube shi, ta kama wuyan hannunsa ta auna da yatsunta, ta ce, "Wanga yaro matarshi ba ta ba shi tuwo." Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Shi ma ya dara ya ce, "Mama, ina za ki?" Ta ce, "Illela." Ya ce, "Ai kin iso." Ta girgiza kai kawai.

Muka shiga fijo zuwa Sakkwato, an cusa mu kamar buhunan albasa, ga bazara ta kai bazara. Kafin Gwadabawa Inna ta yi amai, kuma ba a ko'ina ba sai a kan babbar rigar wani ɗan kasuwa, fara sol, da alama biki za shi. Bawan Allah ya goge rigarsa kawai, amma direba ya yi ta ƙunƙuni har Sakkwato. Wata mata a motar ta ba ni shawara, ta ce tsoho in yana amai a mota kada a ba shi ci ko sha sai an sauka. Yaya Sani ya sayi ƙaramar roba a tasha ya miƙo mini.

Daga Sakkwato muka canza mota, kuma daga nan ne ta fara. Can ƙasa-ƙasa take cewa, "Aman. Aman." Ni kuma sai in yi maza in tara mata roba a baki. Ta ture, in sake tarawa. Fasinjoji suna matsawa gefe, kowa yana tattare rigarsa. Ba ta sake yin aman ba ko sau ɗaya, amma ba ta daina faɗi ba, ni ma ban daina tara roba ba.

Mai ya ƙare mana a Gusau. A lokacin layin mai a can ya fi layin famfonmu na rani tsawo, direbobi har tabarma suke shimfiɗawa a gefen motocinsu. Muka kwana a gidan wani abokin Yaya Sani, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, Allah ya saka mata. Da na ba Inna ruwa a nan sai ta riƙe kwanon da hannu biyu ta shanye, ta lashe bakinsa. Na ce a raina zafi ne, ban kawo komai ba. Da safe aka kawo mana burodinsu. Ku da ba ku taɓa ci ba, ba dogo ba ne irin namu mai ɓawo, wani abu ne mai kusurwa huɗu, laushi kamar katifa, ga sukari. Shayin kuma a ƙaton kofi, madara ta fi ganyen yawa. Na zauna kusa da Inna ina jiran ta ce "Balki, kin tashi?" Ta dube ni ta dubi bango. Na ce baƙon wuri ne, gobe za ta faɗa.

Da za mu shiga mota na sake hana ta ruwa. Tsafe, Funtuwa, Zariya, duk "aman, aman", duk roba.

Kaduna gari ne, wannan ba gardama. Kogi a tsakiyarsa da ruwa ko da rani, coci kusa da masallaci, mata da wando suna tafiya abinsu ba mai kallonsu sai ni. Abin da ya fi ɓata mini rai gaisuwarsu. Ka ce wa mutum ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya ya sha kwana. Ga dariya da suke wa maganata. Na ce wa wani ɗan acaɓa ina ne gidan lokotoro, ya kira ɗan'uwansa ya ce zo ka ji 'yar Faransa. Na ce masa uwarsa ce 'yar Faransa, Yaya Sani ya ja ni muka wuce.

Mun sauka a Tudun Wada wurin wani mutumin Konni mai sayar da albasa. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da ƙabilarsa, bayi ɗaya ana bin layi da buta. Wata Bayaraba ta aiko mana da teba da miyar kuɓewa, na ci don kunya. A ɗakin da ke kallon namu akwai wata Buzuwa, Mariyama, wadda suka zo da mijinta tun shekarun da fari ya kashe musu dabbobi.

Da la'asar na shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙofar ɗaki. Leɓenta duk ya tsattsage. Ta ce, "Aman." Na jawo roba. Mariyama tana wanki a tsakar gida, ta tsaya da hannunta cikin kumfa ta ce, "Baiwar Allah, ba ki ji tsohuwa tana roƙon ruwa ba?"

Na ce, "Amai take ji. Tun Sakkwato take faɗi."

Ta ce, "Tun Sakkwato?" Ta ɗauraye hannunta, ta ɗebo ruwa a randa, ta durƙusa gaban Inna ta ba ta. Sannan ta ce mini, "Da harshenmu aman shi ne ruwa."

Ina riƙe da robar nan ban san inda zan ajiye ta ba. Mariyama ta yi wa Inna wata magana da Buzanci, a hankali. Sai uwata, wadda ta yi watanni ba ta haɗa magana mai tsawo ba, ta tashi zaune ta buɗe baki. Magana take kamar an fasa tulu, har da dariya, har da nuni da hannu, cikin harshen da ban taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinta ba tun da ta haife ni. Tsoro ne ya fara kama ni, na zaci iskar da ake faɗa ce ta tashi. Yaya Sani ya fito daga ɗaki ya tsaya, ya ce, "Uwarmu Buzuwa ce?" Ya sa takalmi ya fita waje.

Mu abin da muka sani shi ne Inna ta tashi a gidan wani falke a Konni, riƙo, kuma mun ɗauka ɗan'uwansu ne. Abin da Mariyama ta tsinto daga bakinta a yammacin nan daban ne. Sunanta na gida Tima. Ta faɗi sunan ubanta da sunan rijiyar da suke shayar da awaki, ta ce tana da ƙanwa Minata. Wata shekarar yunwa, tun zamanin Nasara, aka ba da ita ga falken don kada ta mutu. A Konni yara suka yi ta yi mata dariya, uwar riƙonta tana buge mata baki in ta yi harshen, sai ta haɗiye shi. Mariyama ta ce, "Tana ta cewa a kai ta Illela."

Na ce, "Mun kai ta. Ta can muka biyo ma."

Mariyama ta sake tambayarta, ta saurara, ta ce, "Wadda take faɗi akwai duwatsu, akwai Sarkin Adar."

Illelarmu ta Nijar ke nan, ta hanyar Tawa. Wadda motocinta ke lodi kullum a tashar da Inna ta yi rayuwarta tana dama fura.

Kashegari muka je asibiti duk da haka, tun da mun riga mun zo. Likitan Bakatsine ne, mai furfura kaɗan, ba shi da gaggawa. Ya tambayi Inna wace rana ce, ya nuna mata agogo ya ce mene ne wannan, ba ta kula shi ba. Aka ɗebi jini, aka auna abin da za a auna. Da muka koma ya zaunar da mu ya tambaye ni sana'ar mijina. Na ce noman rani, a baraji. Ya ce to madalla, zan gane.

Ya ce ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da mutum ya gado daga iyayensa, cikakke. Amma ba duka ake aiki da shi a lokaci ɗaya ba. Ya ce kamar ruwan barajinku ne, ruwan ɗaya ne, sai dai wace ƙofa aka buɗe wace aka rufe, shi ke sa wannan fili ya yi kore wancan ya bushe. A wannan ciwo, in ji shi, ƙofofin ne ke rikicewa. Waɗanda ke kula da gyaran ƙwaya da isar da saƙo tsakaninta da 'yar'uwarta sai su dinga rufewa, waɗanda ke tayar da kumburi kuma su buɗe su ƙi rufuwa. A haka ƙwayoyin ke mutuwa sannu a hankali, kuma wurin ajiyar sabon abu ne ke fara lalacewa. Abin da aka zuba tun ƙuruciya shi ke daɗewa. Da na ba shi labarin Buzancin bai yi mamaki ba, ya ce Hausa ta zo mata daga baya, don haka ita za ta riga tafiya.

Yaya Sani kalmar gado kawai ya ji. Ya ce, "Likita, ina da 'ya'ya mata. In aka ji wannan abu gado ne a gidanmu wa zai aure su?" Likitan ya ce akwai irin da ke bin jini amma kaɗan ne, kuma yakan zo tun mutum bai tsufa ba. Irin na Inna ba haka ba ne, kuma har yanzu masana ba su gama sanin abin da ke juya ƙofofin ba. Na ce to ta yaya ma aka san wannan, an buɗe kan wani ne? Ya ce a Turai inda ya yi karatu, mutum yakan yi wasiyya cewa in ya mutu a cire ƙwaƙwalwarsa a bincika, a gwada ta mai ciwo da ta mai lafiya. Na ce a binne mutum ba ƙwaƙwalwa? Allah ya kiyaye. Ya yi murmushi ya ce ba don su ba da shi ma iska zai ce mini.

Na tambaye shi maganin da ke buɗe ƙofofin. Ya ce babu, ba a nan ba, ba a Turai ba. Na ce, "Za ta sake kiran sunana?" Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Ya ce mai wannan ciwo da ɗakinsa da randarsa da muryoyin da ya saba yake riƙe sauran abin da ya rage masa, doguwar tafiya da ƙishirwa kuma suna iya zubar da shi. "Ku mai da ita gida," in ji shi, "ku bar ta ta yi harshen da ya zo mata." Bai san da robar ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Dawowa ba abin faɗi. Gora cike da ruwa a cinyata, da 'yan kalmomin da Mariyama ta koya mini a bakin mota. Da muka iso Konni Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ƙi shiga, ta yi sallama tana jiran masu ɗakin su amsa. Idi yana tsaye yana gani. Na so ya ce ai na faɗa miki, in samu wanda zan yi wa faɗa, amma sai ya karɓi kayan hannuna ya ce sannu da hanya.

Yaya Sani ya yi kwanaki bai tayar da maganar Illela ba. Rannan da safe sai ga shi da aron mota, ya ce, "Ki shirya ta." Muka bi ta Tsarnawa muka ɗauki hanyar Tawa, a Badagishiri muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya mai duwatsu. A kasuwar Illela muka yi ta tambaya da sunan uban da sunan rijiyar, daga rumfa zuwa rumfa, har wani tsoho mai sayar da igiya ya ce rijiyar ta daɗe da mutuwa amma zuriyar suna nan. Mota ba ta shiga wurin, sai a amalanke muka ƙarasa.

'Yan bukkoki ne da rumbuna a gindin dutse. Wani magidanci mai rawani ya tarbe mu, sunansa Alhusaini, yana jin Hausa sosai. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya shiga wata bukka ya fito riƙe da hannun uwarsa, tsohuwa ƙarama, idonta ya kusa tafiya. Minata ce. Ta shafa fuskar Inna da tafin hannu, ta tsaya a kan wani tabo da ke gefen girarta, wanda mu muka ɗauka na faɗuwa ne a Konni. Ta ce, "Tima." Inna ta amsa.

Ba zan iya ba ku labarin wannan yinin yadda ya kamata ba. An yanka akuya, an kawo cuku da fura mai yawan nono, ana ta zuba shayinsu mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna. Matansu suna zaune cikin maza suna sa baki a hira, mazan ne ke rufe fuska, abin da ya sa Yaya Sani ya rasa inda zai sa idonsa. Tsofaffin biyu suna kan tabarma ɗaya, hannu cikin hannu, suna lissafa matattu da awaki. Inna ta ci abinci da kanta. Na yi murna, wallahi na yi, kuma ina murnar ina jin kishi.

Can sai Minata ta juyo wajen da nake ta tambayi Inna wani abu. Inna ta dube ni sosai, ta ba ta amsa. Na ce wa Alhusaini, "Mi suka ce?" Ya gyara rawaninsa ya yi kamar bai ji ba. Na ce ya faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. Ya ce, "Uwata ta tambaye ta wace ce ke. Ta ce ba ta san ki ba, a mota kuka haɗu, amma kina da kirki, a ba ki wurin kwana."

Bara war haka, lokacin da ta fara roƙon a kawo ta, Inna ta san ni safe da yamma. Da mun kawo ta a lokacin da ita da bakinta za ta ce wa ƙanwarta ga ɗiyata Balki, ga ɗana Sani. Sai ga shi ni ce na tashi na durƙusa gaban Minata ina ba da shaidar kaina ta bakin tafinta.

Da za mu tafi na kama hannun Inna in hau da ita amalanke. Ta fizge, ta riƙe zanen Minata da hannu biyu, tana kuka irin na yarinya ƙarama. Alhusaini ya ce cewa take kada a sake ba da ita. Na saki hannunta. Yaya Sani ya sauke ƙullin kayanta daga amalanke ya kai cikin bukka, ba mu ko yi shawara ba.

To masu tambaya ina na baro Inna, can take. Ina zuwa duk lokacin da na samu mota, in kai gero da sabulu da sukari. Tana tarbata da fara'a, ta sa a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. In na ce Inna ba ta waigowa, don haka Minata ta ce in daina wahalar da kaina. Ni da ban taɓa kama sunan uwata ba tun da na yi wayo, yanzu in na isa bakin bukkar sai in yi sallama in ce, "Tima."